Ƙararrawa ta kaɗa, babu wuta: wa zai tashi ya duba?

Wata rana cikin watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, ƙararrawar gobara ta ginin da nake aiki a unguwar Filato, a Yamai, ta ɗauki kuka wajen ƙarfe 11 na safe. Ba wanda ya motsa. Mai buga takardu ta ci gaba da bugunta, wanda ke kan waya ya toshe kunne ɗaya da yatsa ya ci gaba da magana. Ni kaɗai na sauko ƙasa, kuma ba don na fi su hankali ba, baƙo ne ni a wurin a lokacin. Na tarar da tsohon mai gadinmu tsaye gaban wani akwati da ke manne a bango, yana danna maɓalli cikin natsuwa irin ta wanda hannunsa ya saba.

"Baba, ina wutar take?"

"Babu wuta, ɗana. Koma ka zauna. Ƙura ce, haka take yi duk hunturu."

"To ranar da wutar ce fa?"

Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce, "Ranar ma ji wari."

Na daɗe ina juya wannan magana. Da farko na ɗauke ta sakaci ne kawai. Da na bi diddigin yadda manyan hukumomin kashe gobara na duniya ke fama da wannan na'ura, sai na ga Baba bai yi nisa da inda suka tsaya ba. Birnin Landan, duk da motocinsa da kuɗinsa, a 2024 ya yanke hukuncin da ya yi kama da nasa: a yawancin wuraren aiki, da rana, ba a fitowa sai wani ya ga wuta ko ya ji ƙauri. Abin da ya raba su shi ne abin da mutanen Landan suka shimfiɗa a ƙarƙashin hukuncin kafin su yanke shi.

Amma bari mu fara da ɗan farin kwanon nan da ke kife a rufin ɗaki, wato na'urar jin hayaƙi. Bai san wuta ba. Irin wanda aka fi sakawa yanzu da haske yake aiki. Duk wanda ya taɓa kishingiɗa da rana a ɗakin da kwanon rufinsa ya huje ya san zaren hasken nan da ke ratsowa: ba ka ganinsa sosai sai an yi shara, ƙura ta tashi, sannan ka gan ta tana rawa a cikinsa. Cikin na'urar haka yake. Akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu, da ƙwayar fitila mai harba hasken da idon mutum ba ya gani, a gefe kuma wani idon lantarki da aka karkatar don kada hasken ya same shi kai tsaye. Muddin iskar da ke ciki mai tsabta ce, idon ba ya ganin komai. Da zarar ɓurɓushi ya shiga, sai ya watsa hasken, wani ya faɗa kan idon, na'ura ta ce ga hayaƙi. Ba ruwanta da ko daga katifa mai ci ɓurɓushin ya fito, ko iska ce ta kwaso shi tun daga hamadar Tenere. Akwai kuma wani tsohon salo mai ɗauke da ɗigon sinadarin amerishiyom 241, wanda ke sa wata siririyar wutar lantarki ta ratsa iska tsakanin faranti biyu, hayaƙi in ya shiga ya rage ta. Shi wannan ko albasa aka soya kusa da shi sai ya yi magana.

To ka ɗauko wannan na'ura, wadda aka auna ta da iskar Turai, ka kawo ta Yamai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne. Kafin ruwan farko ya sauka, jar guguwar nan ce da ke rufe gari har a kunna fitilun mota da rana tsaka. Damina ta shigo da ƙananan ƙwari masu neman rami mai duhu, gizo-gizo ya bi su ya yi saƙa a ciki. Ga turaren wuta, wanda ba a raba matan ofis da shi da safe. Ga hayaƙin maganin sauro, ga masu feshi da ke zuwa ranar Asabar, ga ɗan murhun shayin masu gadi da ake jawowa ƙarƙashin baranda in sanyi ya matsa. Ƙurar da ta taru a cikin ɗan ɗakin kuwa ba ta fita da kanta, kullum tana ƙara matso da na'urar kusa da bakin kuka, har ta kai in an kaɗe labule ma ya isa. Na'urorin zamani suna iya lissafin dattin da suka tara su rage shi daga awonsu, amma wannan ma yana da iyaka. In sun kai iyakar sai su nemi a zo a wanke su.

Inda hayaƙi ya zama na kullum, kamar ɗakin girki ko ɗakin injin, na'urar jin zafi ake sakawa. Nan ma akwai tarko irin namu. Bisa ma'aunin Turai, ajin da aka fi sayarwa yana kaɗawa ne tsakanin digiri 54 da 65, kuma an yi shi don wurin da zafinsa ba ya wuce 50. A Yamai, cikin Afrilu da Mayu, a inuwa ma ana kai 45. Wanda ya taɓa shiga sito mai rufin kwano da azahar ya san sauran zancen. Akwai ajin da sai zafi ya kai tsakanin 69 da 85 yake kaɗawa, shi ya dace da irin wannan wuri, amma mai kwangila abin da ya samu a kwali shi yake ɗaurawa.

Sai maganar kuran, wato lantarki, wadda a ganina ta fi ƙura ɓarna, ko da yake ba a cika kawo ta ba. Akwatin da Baba ke dannawa murya biyu gare shi. Jar fitila da jiniya mai cika gini, wannan gobara ce. Rawayar fitila da ɗan ƙaramin kuka a jikin akwatin kaɗai, wannan ƙorafi ne: an ɗauke kuran, ko batir ya yi sanyi, ko waya ta tsinke a wani wuri. A ƙasar da ake shekara ba a ɗauke wuta ba, rawayar fitila labari ce. A nan, lokacin zafi, tana iya kamawa sau da yawa a yini, kafin injin gurup, wato janareta, ya tashi. Batir ɗin da ke ciki kuma zafi ne ajalinsa, kusan duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, don haka shi ma ba ya daɗewa sai ya shiga layin masu ƙorafi. Kowane kuka, mai gadi ya tashi ya danna maɓallin shiru. Yau da gobe hannu ya koyi hanyar maɓallin, ido ya daina duba launin fitila. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, amma a nan ba wawan ba ne, mutum ne da na'ura ta horar da shi da kanta.

Shi ya sa ban cika son kalmar "ƙarya" da ake jingina wa ƙararrawa ba. Hukumomin Ingila sun kasa abin kashi uku cikin lissafinsu, kuma rabon ya yi ma'ana. Akwai kiran da na'ura ta jawo. Akwai na kyakkyawar niyya, mutum ya ga hayaƙi ya buga waya, ashe maƙwabci ne ke ƙona shara. Akwai na ƙeta, wanda ya san babu komai ya kira don wasa ko mugunta. Na ƙarshen nan laifi ne. A Faransa dokar hukunta laifuka ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 da tarar yuro 30,000, kusan sefa miliyan 20. Na tsakiyar kuwa ba hukumar da ta san aikinta da za ta tsawata wa mai shi, domin ranar da mutane suka fara jin tsoron kira, ranar aka fara asarar rai. Rigimar duk a kan na farkon take, kuma shi ya fi yawa. A Ingila, kusan 4 cikin kowace fita 10 da ƴan kwana-kwana ke yi, in sun isa babu wuta, kuma wajen kashi biyu cikin uku na waɗannan na'ura ce ta kira su. A Amurka irin wannan kira ya haura miliyan 2 a shekara, ya fi yawan gobarar gaske da ake kashewa.

A ƙasashen nan akwatin ba a teburin mai gadi yake ƙarewa ba. Waya ce ke ɗaukar saƙonsa zuwa wata cibiya, ko kai tsaye zuwa ɗakin karɓar kira na masu kashe gobara, mota ta fito da jiniya ba tare da ɗan Adam ya ga ko tartsatsi ba. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce a je, ko me ya faru. Hujjar mai ƙarfi ce: an ƙirƙiro na'urar ne don ta riga mutum gani, in kuma sai an jira mutum, me aka yi? Sai dai lissafi ya yi ta tsananta. Motar da ta tafi duba gurasar da ta ƙone a wani ofis ba ta nan lokacin da gidan mutane ya kama a ɗaya gefen gari. Kowace fita da gudu cikin cunkoso kasada ce ga masu motar da masu tafiya a ƙasa. Ga mai, ga lokacin atisaye da ya tafi, ga ma'aikatan sa-kai da ake tasowa daga wuraren aikinsu a banza har masu gidansu su gaji.

Dabarar farko da aka gwada mai sauƙi ce: a rage motoci, a tura ɗaya maimakon uku, wani lokaci ba jiniya. Ta biyu, mai karɓar kira ya yi tambaya kafin ya tura kowa: kun ga hayaƙi, kun ji wari, an je an duba? Ta uku ita ce aljihu. Wata doka ta 2011 ta bai wa hukumomin Ingila damar cajin masu gine-ginen da na'urarsu ta addabi mutane, kuma daga Janairun 2014 Landan ta fara karɓar fam 290 a kan kowace fita, tun daga ta 10 cikin wata 12. A jihar da birnin Sidni na Ostiraliya yake, a 2016 kuɗin ya kai dalar ƙasar 1,600 a fita guda. Jamus ta bi wata hanya da nake ganin ta fi kowace tsari. Sun bar wayar a haɗe, suna zuwa, mai gini ya biya in na'urarsa ce ta yi shirme, amma sun tilasta a ajiye makullan ginin cikin wani akwatin ƙarfe a bakin ƙofa wanda ƴan kwana-kwana kaɗai ke iya buɗewa, tare da katuna masu zanen hanya daga ƙofa zuwa kowane rukunin na'urori. Ba a ɓalle ƙofa, ba a yawon neman ɗaki.

Tara tana aiki, amma kaifi biyu gare ta. Mai ginin kirki zai kira mai gyara. Wanda ba na kirki ba zai gano cewa na'urar da aka kashe ba ta jawo tara.

Daga nan aka kai ga matakin da a da ba mai iya furta shi. Tun daga 1 ga Yulin 2023, hukumar kashe gobara ta Sikotilan ta daina zuwa ofisoshi, shaguna da masana'antu don kiran na'ura kaɗai, sai an tabbatar mata da wuta ko alamarta. Lissafinta ya nuna irin wannan kira wajen 28,000 a shekara, kuma kashi 2 cikin 100 ne kawai ke zama gobara, mafi yawansu ma an kashe kafin mota ta iso. Landan ta bi sahu ranar 29 ga Oktoban 2024, bayan ta ƙirga fita kusan 52,000 a shekara guda da na'ura ta jawo babu wuta. Sai dai a duba yadda suka yanka abin. A Landan dokar daga ƙarfe 7 na safe zuwa 8:30 na dare take aiki, lokacin da akwai mutane a farke cikin ginin. Kuma duka biyun sun ware wuraren da ake kwana: gidaje, asibitoci, otel, gidajen kula da tsofaffi. Nan ko sau nawa na'ura ta yi shirme, ana zuwa. Mai barci ba ya jin wari, hayaƙi ma ƙara nutsar da shi yake yi. Wannan ita ce amsar da ban iya bai wa Baba ba a ranar.

In ka tattara dabarun nan duka, za ka ga abu ɗaya ake ta miƙawa daga hannu zuwa hannu, wato shakka. Ƙararrawa ta kaɗa, ba a sani ba ko wuta ce. Dole wani ya ɗauki nauyin rashin sanin nan. A da hukuma ce ke ɗauka, da motarta da manta. Yanzu tana sauke wa mai gini, shi kuma ya sauke wa wanda ke zaune gaban akwati.

Faransawa, waɗanda yawancin masu sakawa da masu gyara na'urorinmu da littattafansu suka yi karatu, sun daɗe da ba wannan aiki suna: levée de doute, kawar da shakka. A tsarinsu, a gine-gine da yawa, na'ura in ta ji wani abu, akwatin masu tsaro kaɗai ke fara kuka, a ba su ɗan lokacin da ba ya wuce minti 5 su je su gani. In ba su dawo sun ce lafiya ba, jiniyar gini duka ta tashi da kanta. Kuma ba kowa ake ɗorawa a kujerar ba, akwai horo da jarrabawa da takardar shaida ta musamman ga ma'aikatan tsaron gobara, mataki uku.

Duk da haka, a ƙasar tasu aka ga inda tsarin ke karyewa. Ranar 15 ga Afrilun 2019, wajen ƙarfe 6:20 na yamma, na'urar cocin Notre-Dame da ke birnin Pari ta ji hayaƙi, kuma ta yi gaskiya. Ba a haɗa ta kai tsaye da masu kashe gobara ba, sai an je an duba. Mutumin da ke gaban akwatin kwanansa uku da fara aiki a wurin, kuma ya zarce da aiki bayan lokacin tashinsa don wanda zai canje shi bai zo ba. Saƙon da ya fito a allon ya haɗa sunayen wurare da lambobi ta yadda ba ya fahimtuwa da sauri. Aka tura mai dubawa saman wani ƙaramin gini da ke jingine da cocin, ya duba bai ga komai ba. Kafin a gane kuskure, a hau matakala kusan 300 zuwa ƙarƙashin babban rufin, an yi asarar wajen rabin awa, kuma katakon da ya shekara ɗaruruwa yana bushewa ya riga ya kama.

A Sikotilan ɗin ma, tun kafin sabuwar dokarsu, an ga irin wannan. Ranar 31 ga Janairun 2004 wuta ta tashi cikin dare a gidan kula da tsofaffi na Rosepark. Al'adar gidan ita ce a nemo wutar tukuna kafin a kira. Bayanin da ke jikin akwatin ya rikita ma'aikatan, suka nufi inda ba nan ba, aka yi minti 9 kafin a buga waya. Tsofaffi 14 suka rasu. A Amurka kuma, a jami'ar Seton Hall, ranar 19 ga Janairun 2000, ƙararrawar gidan kwanan ɗalibai ta kaɗa da asuba, da yawa suka gyara kwanciya domin ta sha tashinsu a banza a watannin baya. Ɗalibai 3 suka mutu, fiye da 50 suka jikkata. A wurare ukun nan babu inda na'ura ta gaza. Tsakanin kukanta da ƙafar mutum ne abin ya lalace.

Yanzu mu dawo gida. A gine-ginen da na sani a Yamai, ƙararrawa a teburin mai gadi ko na mai karɓar baƙi take ƙarewa. Mutum ne zai ɗauki waya ya kira lamba 18, sannan sojojin kashe gobara, waɗanda muka fi kira pompiye, su fito. Wato inda Landan ta isa bayan shekaru tana muhawara, mu can muka fara. Wani zai ce faɗuwa ta zo daidai da zama, kuma ta wani gefen haka ne. Ban ga hikimar a ce kowane banki da kowane otel ya ja waya zuwa barikin pompiye ba. Gari ne mai mutum fiye da miliyan ɗaya, kogi ya raba shi biyu, gada uku ce ke haɗa shi, kuma wanda ya taɓa bin gadar Kennedy da yamma ya san yadda jiniya ke kuka mota ba ta motsi. Gobarar da ta fi cin mu kuma ba a wuraren da ke da na'ura take tashi ba. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwa a 2012. A Mayun 2019 tankar mai ta fashe kusa da filin jirgin sama ta kashe mutane da dama. Ranar 13 ga Afrilun 2021, yara wajen 20 suka ƙone cikin azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas. Motar da za a tura Filato don turaren wata Hajiya, daga bakin mutanen unguwannin Katako da Talaje aka ɗauke ta. Ƙura kaɗai, a hunturu guda, ta isa ta gajiyar da rundunar.

Sai dai mun ɗauki rabin tsarin mun bar rabi. Tun daga gine-ginen da aka yi don taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019, manyan otel da zauren taro da sabon ginin filin jirgi, ido ya saba da ɗan farin kwanon nan, kuma yanzu duk mai gina bene yana son a gan shi a rufinsa. Sayensa ba wuya. Abin da ba a saya tare da shi shi ne wanda zai riƙa zuwa yana buɗe kowace na'ura yana share ta, da littafin da za a rubuta kowane kuka da dalilinsa, da zanen ginin a manne kusa da akwati, da horon wanda zai zauna a gabansa. Nauyin shakkar da Sikotilan ta sauke wa kamfanoni masu inshora da injiniyoyi, mu mun sauke shi a kan mutumin da ya fi kowa ƙarancin albashi a ginin, wanda sau da yawa ba a taɓa karanta masa abin da ke rubuce a jikin akwatin ba, da Faransanci ko Turanci ko ma Sinanci.

Sakamakon kuwa a rufi ake ganinsa, ga mai ɗaga kai. Na ga na'urar da aka ɗaure wa baƙar leda da roba. Na ga wadda har yau tana sanye da jar hular da masu gini ke sa mata don kada ƙurar siminti ta shiga, an buɗe ginin da biki an manta ba a cire ba. Irin wannan ba ta taɓa damun kowa, kuma mai gidan zai gaya maka da alfahari cewa tasa ba ta ƙarya. A wurinmu matsalar ba yawan fitar motoci a banza ba ce kamar Turai. Matsalarmu akwatin da aka zare wa waya don a samu barci, a otel ko asibitin da mutane ke kwance suna ganin akwai mai tsaronsu.

Da za a tambaye ni, ba da tara zan fara ba, don na san inda za ta kai mu: leda za ta ƙara tsada. Zan fara da raba gine-gine gida biyu kamar yadda Landan ta yi. Inda ake kwana, ƙararrawa in ta kaɗa da dare, a kira 18 tukuna sannan a je dubawa, in babu komai a sake kira a ce su koma. Kunyar mayar da mota daga hanya ba ta kai ta Rosepark ba. Inda ake yini kawai, a duba, amma da agogo, kuma jiniya ta tashi da kanta in lokaci ya cika. Jami'an kare fararen hula da ke zagayen duba gine-gine, maimakon su tsaya ga ganin na'ura a rufi, su nemi littafin, su ga yaushe aka share ta, su sa a fesa mata hayaƙin gwaji a gabansu. Sharar ma a daidaita ta da shekararmu: bayan hunturu, da kuma bayan guguwar farkon damina, ba bisa kalandar wata ƙasa ba. Sauran na masu sana'a ne, kuma sun san shi: kada a sa mai jin hayaƙi a bakin ɗakin girki ko kusa da ƙofar da ke buɗe wa iska, a yi amfani da mai haɗa jin hayaƙi da jin zafi inda ƙura ta yi yawa, a saita akwati ya jira na'ura biyu su yi shaida kafin ya tashi gini duka, a sauya su in sun kai shekara 10. Akwatin da ke faɗin ainihin ɗakin da abin ya faru ya fi wanda ke cewa "shiyya ta 4" tsada, amma shiyya ta 4 na iya zama ɗaki ashirin.

A ginin namu, bayan an sha magana, an kawo mai gyara. Ya sauke na'urorin ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fito daga cikinsu ya isa a shuka gero. Ya sauya batir, ya ɗauke wadda ke saman inda ake dafa shayi ya mayar da ita mai jin zafi. Muka zauna da Baba muka bi fitilun akwatin, kowace muka manna mata takarda da sunan da shi ya san wurin da shi: ɗakin kuɗi, wajen Hajiya mai turare, sito na baya. Na nuna masa bambancin ja da rawaya, ya ce ai ya daɗe da lura ɗaya ta fi ɗaya tsiwa, ba wanda ya gaya masa dalili ne. Na ce to daga yau, in ja ce, minti 3 gare shi ya isa wurin ya gani.

Ya yi shiru yana kallon matakala. Shekarunsa sun haura sittin, ginin hawa huɗu ne, da dare kuma shi kaɗai ne.

"Ɗana, na ji. Amma in na hau sama duba wuta, wa zai riƙe mini ƙofa? In ɓarawo ya shigo, ni za a tambaya. In pompiye sun zo, wa zai buɗe musu?"

Na rubuta takarda na kai wa shugabanmu, a ƙaro mutum na biyu a aikin dare. Ya karanta, ya ce magana ce mai kyau, a bari sai an zauna kan kasafin baɗi.